Takaba da Taɓarya

Mijina ya rasu a garin Mai Wurno, a ɗakin da aka haife shi. Ba harsashi ne ya kashe shi ba, ko da yake yaƙi ne ya kai mu can. Ciwon suga gare shi tun muna Madani, inda yake da shagon ɗinki kusa da kasuwa. Da masu bindiga suka shigo garin, muka fito da abin da babbar motar da ta ɗauko mu ta yarda ta ɗauka: ƙunshin tufafi, da keken ɗinkinsa da ya rantse ba zai bari ba, da ragowar allurar ciwon sugarsa da na naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. A gidan mahaifiyarsa muka sauka. Babu wutar lantarki, sai na riƙa binne kwalaben allurar a danshin yashin gindin randa. Allurar ta ƙare, aka nemo kaɗan daga Sinnar, ita ma ta ƙare. Ƙafarsa ta kumbura ta yi baƙi. Wata safiya ya sha ruwa, ya ce zai ɗan kishingiɗa, bai tashi ba.

'Yarmu ɗaya ce. Tana aure a wani ƙauye kusa da Kamlin, kuma a maganarmu ta ƙarshe ta gaya mini tana da ciki. Daga nan shabaka, wato sabis ɗin waya, ta ɗauke, waya ta zama sai dai a haska fitila da ita. Hanyar arewa kuwa ba mai binta. Ita ba ta san ubanta ya rasu ba, ni ban san ko tana da rai ba.

Kafin wannan ban san ni mai yawan tafiya ce ba. A Madani kullum ƙafata tana waje. In kai wa mijina abincin rana a shago, in biya kasuwa, in zagaya gidajen da nake kai wa turaren wuta da humrar da nake haɗawa. Ba na hawa raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, sai rana ta yi tsanani. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba.

Ranar da aka kai shi makwancinsa, tsofaffin mata suka tsefe mini kai, suka cire mini 'yan kunne, suka ba ni farin ƙyalle mai kauri na ɗaura. Aka jingine gadon igiya da bango, aka shimfiɗa mini tabarma a ƙasa. A wajenmu takaba habas ake ce mata da Larabci, wato tsarewa, kuma sunan ya dace da ita. Wata huɗu da kwana goma ba zan taka ƙofar gida ba, ba zan ɗaga murya ba, ba zan dubi madubi ba. In rana za ta faɗi sai in juya wa ƙofa baya, in yi shiru har a kira salla. Tsakar gida ma sai alwala da bayan gida suke fito da ni, domin gidan cike yake da dangin da suka gudo kamarmu, maza a zaure, mata da yara a rumfa. Ɗakin kuwa, in na miƙe ƙafa a tabarma sai ta kusa taɓa keken ɗinkin da ke kusurwa rufe da zane. Tagarsa ba ta fi faifai ba.

Surukata, wadda kowa ke kira Inna, ita ce mai gadina. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ta binne miji da 'ya'ya biyu kafin wannan. Tana wuni a bakin ƙofata da carbinta. Ba muguwa ba ce. Da hannunta take fifita mini kunu, kuma in aka samu ɗan sukari a gidan, kofina take fara sa wa. Amma an binne ɗanta da mutane ƙalilan, ba a yi masa sadaka yadda aka saba ba, sai ta sa a ranta cewa abu ɗaya da ya rage a yi masa cikakke shi ne takabata. Duk mai zuwa gaisuwa, so take ta tarar da ni zaune, kaina a sunkuye.

Da masu gaisuwa suka fara raguwa, sai abin ya soma. Yakan zo da hantsi, ko gab da magariba sa'ad da nake fuskantar bango. Sai in ji kamar an ɗora mini buhun dawa a ƙirji. In ja numfashi ya tsaya a maƙogwaro. Yatsuna su yi sanyi, su riƙa yi mini kamar kiyashi na bi. Zuciyata ta riƙa bugu har ina jin ta a kunne. A lokacin ne 'yata take zuwa mini a rai, ba fuskarta ba, cikinta. In gan ta tana naƙuda ba ungozoma, in gan ta a hanya ba takalmi, in gan ta a wasu halaye da har yau ba na iya faɗa. In yi a'uziyya, su tafi, su dawo. Akwai ranar da na kasa ƙarasa Fatiha a tsaye, na zauna na ƙarasa.

Na tabbata ciwon zuciya ne. Aka kira wata maƙwabciya da ta taɓa aiki a asibiti, ta zo da abin awon jini ta ɗaura mini a hannu.

Ta ce, "Jininki lafiya lau, Hajiya. Tunani ne."

Na ce, "In tunani ne, me ya kai shi ƙirji?"

Ta ce, "Can yake sauka. Ki rage shi."

Ba ta gaya mini yadda ake rage shi ba, kuma ban ga laifinta ba, ita ma ɗanta na can inda ba ta sani ba. Inna ta karɓo mini rubutu, na sha da bisimilla. Yakan kwantar mini da rai na ɗan lokaci, sannan buhun ya dawo wurinsa.

Da kaina na lura cewa in na miƙe na yi tafiya daga ƙofa zuwa keke, daga keke zuwa ƙofa, abin yakan ɗan sassauta. Amma ɗakin ya yi ƙanƙanta, kafin in fara tafiya na iso bango, juyawa kuma ta riƙa sa ni jiri. Inna ta leƙo ta gan ni.

"Mi kike biɗa, ɗiyata?"

"Ba komai, Inna."

"To zamna. Mai takaba ba ta safa da marwa kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

Na zauna.

A kwanakin ne injin niƙan unguwa ya tsaya, ba man da zai sha. Aka fito da tsohon turmi da aka kifa a bayan madafa tun shekaru, aka kankare shi. Dakan gidan ya faɗa kan ƙanwar mijina, autar Inna, wadda muke kira Auta. Mace ce kakkaura mai dariya, mijinta ya tafi haƙar zinariya tun kafin yaƙi, ita ma ba ta da labarinsa. Sauran matan gidan ko masu goyo ne, ko 'yan birni da ba su taɓa riƙe taɓarya ba. Daga tabarmata nake jin dakanta, taɓarya ɗaya tana sauka a gajiye.

Wata rana bayan azahar abin ya zo mini da ƙarfin da bai taɓa zuwa ba. Na ji bangon ɗakin yana matsowa. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na tsallake ƙafar Inna da ke gyangyaɗi, na fita, ban san inda na nufa ba. Ƙofar gida akwai maza, sai na karkata bayan madafa. Na tarar da Auta tsaye a kan turmi, gumi ya jiƙe mata riga. Ta dube ni, na ga ta tsorata.

"Matar Yaya, lafiya?"

Na dafa bango ina haki kamar wadda aka koro. Ita ma ba ta san abin da za ta yi da ni ba. Daga baya ta ce mini ta ga hannuwana suna rawa ne, ta rasa abin da za ta riƙe su da shi, shi ya sa ta miƙo mini taɓarya ta biyu da ke jingine.

Rabona da daka tun ina budurwa a gidanmu. Na ɗaga, na sauke. Ta farko ta zame ta bugi bakin turmi, dawa ta fantsama. Ta biyu ta shiga tsakiya. Auta ta ɗaga tata, muka shiga karɓa-karɓa, in tawa ta fito tata ta shiga. Taɓarya ba ta barin mutum ya riƙe numfashi. In ka ɗaga dole iska ta shiga, in ka sauke dole ta fita da ƙarfi, kana so ko ba ka so. Kuma in hankalinka ya tafi wani wuri, taɓaryar abokiyar dakanka za ta gamu da taka. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san kafaɗuna sun yi zafi, tafin hannuna ya yi bororo, gumi yana bin bayana, kuma a karo na farko tun rasuwar mijina na ja numfashi ya sauka har ciki. Sai kuka ya zo. Na yi shi a tsaye, taɓarya a hannu, Auta tana yin nata.

Da na koma ɗaki Inna ta farka. Ta dubi dusar da ke jikin farin ƙyallena, ta dubi hannuna. Sai ta kira Auta, na ji su daga ciki.

"Ke wa ya ce ki sa ta aiki?"

"Inna, ni kaɗai ba zan iya ciyar da gidan nan ba. Kuma ki dube ta, yau ta ci abinci."

Gaskiya ne, ranar na cinye tuwona. Aka tsaya a kan cewa in na idar da sallar walaha in zagaya bayan madafa ba tare da kowa ya gani ba, in dawo kafin lokacin masu gaisuwa.

Makonnin nan su ne mafi sauƙi a takabata. Ba wai abin ya tafi ba. Yana nan, amma na san inda zan kai shi. In na ji yana tasowa sai in ce masa ya jira walaha. Mu yi surfe, mu wanke, mu shanya, mu daka, mu tankaɗe. Hannuna ya yi kanta. Barci ya dawo mini. In magariba ta yi na fuskanci bango, gajiya takan riga tunani isowa. Muna daka Auta takan ba ni labarin yayanta yana yaro, yadda ya taɓa ɗinke wa akuyar Inna riga da buhu, abubuwan da shekara ashirin da nake tare da shi bai taɓa gaya mini ba.

Labarin akuyar ne ma ya jawo. Ranar muna cikin daka ta sake kawo shi, har da kwaikwayon yadda akuyar ta riƙa tafiya. Dariya ta kuɓuce mini. Ita kuma daɗi ya kwashe ta, ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, irin luguden 'yan mata. Daidai nan wata dattijuwa daga dangin mahaifin mijina ta zagayo neman ruwan alwala. Ta tsaya ta dube mu, ta ce sannunku da aiki, ta juya.

Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, cewa matar marigayi tana lugude da shewa tun kabarinsa bai bushe ba, cewa dama matan Madani haka suke. Ba ni na tafa ba, kuma ba wanda ya yi shewa, amma ba a tambaye mu ba. Inna ta shigo ɗakina da kanta, da ƙyar ta durƙusa ta zauna a gefen tabarma. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

Ta ce, "Ɗana bai samu likkafani mai kyau ba. Bai samu jama'a ba. Yanzu kuma a ce bai samu mai yi mishi takaba ba?"

Na ce, "Inna, wallahi ba wasa nake ba. In ban motsa ba ji nake zan mutu."

Ta ce, "Ba ki mutuwa. Mu ma mun yi, ga mu."

Auta ba ta haƙura ba. Ta je wajen matar limamin unguwa ta sa ta tambayo. Amsa ta dawo cewa abin da aka hana mai takaba shi ne ado da turare da kwana a wani gida, amma aikin cikin gida ba wanda ya hana, ko fita da rana ma in da larura. Auta ta kawo wa Inna wannan da murnarta. Inna ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "Malam ya san littahi. Ni na san bakin mutanen garin ga, cikinsu zan zamna bayan kun watse."

Aka mayar da taɓarya ta biyu ɗakin Inna.

Abin ya dawo, ya tarar da ni ba wurin gudu. Wannan karon ya fi muni, domin na riga na san maganinsa, ina jin sautin maganin daga bayan madafa, kuma tsakanina da shi bango ɗaya ne. Zafin bazara ya kai maƙura, rufin kwano yana ƙara da rana. Na san kowace tsaga a bangon da nake fuskanta. Na riƙa matse yatsun ƙafa ina saki a ƙarƙashin zane, in tsawaita ruku'u da sujada, in ƙara nafila a kan nafila, har na fara jin kunyar Ubangijina, don ban sani ba ko ibada nake ko motsi nake nema. Abinci ya koma ƙin shiga. Auta takan kawo kwano ta ajiye, ta ɗauke shi yadda ta kawo, ba ta iya haɗa ido da ni.

Tun rasuwar mijina ban taɓa keken ɗinkinsa ba. Ko zanen da ke kansa ban so in gani. Wata rana da hantsi, ƙirjina ya ɗaure, na rarrafa na jingina da shi don in samu abin riƙewa, sai gwiwata ta danna matakinsa. Ya motsa. Irin keken nan ne na ƙarfe da ake takawa da ƙafa, babbar ƙafarsa na juyawa a ƙasa. Na yaye zanen. Ƙamshin man keke da na mijina suka taso tare. Na jawo 'yar kujerarsa, na zare igiyar fatar da ke juya kan keken don kada allura ta yi ƙara, na ɗora ƙafafuna biyu na fara takawa.

Ban iya ɗinki ba. Shekara ashirin ina kai masa abinci, ban taɓa zama a kujerar nan ba. Da farko ƙafar keken ta riƙa komawa baya. Can na gane lokacin da ake dannawa da dunduniya da lokacin da ake dannawa da yatsu. Ban ɗinka komai ba, iska kawai nake juyawa. Bai kai daka ba, kafaɗa ba ta samun rabonta, amma cinyoyina suka ɗumama, numfashina ya bi juyin ƙarfen. Na riƙa yin haka duk sa'ad da Inna ta tafi alwala ko barci ya ɗauke ta, in na ji motsinta in mayar da zane in koma tabarma kamar ɓarauniya.

Na ɗauka ba a ji. Ashe matakin yana da wani ɗan kuka da yake yi a kowane juyi, siriri, wanda ni ban lura da shi ba. Wata rana ina cikin takawa, idona a rufe, sai hasken ƙofa ya dushe. Na buɗe ido na ga Inna tsaye, ta dafa ƙyaure. Ƙafafuna suka tsaya. Na fara neman abin da zan ce.

Ta ce, "Kwana nawa ina jin shi. Na zaci kunnena ne ya fara taɓuwa."

Na ce, "Ki yi haƙuri, Inna."

Ta shigo a hankali, ta zauna a tabarmata, wurin da ya kamata a ce ni ke zaune. Ta ce keken na uban mijina ne, a ɗakin nan ɗanta ya koya, tun ƙafarsa ba ta kai matakin sosai. Kukan nan tun lokacin yake yi, an sa mai an sa mai ya ƙi bari. Sannan ta ce lokacin nata habas ɗin, ba ta da keke, ba ta da kowa, da farce ta riƙa ƙwaƙular bango a bayan tabarma har ta yi rami da hannu ke shiga. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Da ta fita ta yaɓe shi da kanta.

Ta ce, "Mayar da igiyar. In za a ji, a ji shi sosai."

Na mayar, na taka. Allura ta riƙa sauka a wofi, ƙarar ta cika ɗakin. Inna ta rufe fuska da mayafinta, kafaɗunta suna motsi. Ban tsaya ba, don ba ta ce in tsaya ba.

Taɓarya dai ba ta dawo ba. Inna ta ce ɗinki aikin zaune ne, a cikin ɗaki, ba mai cewa komai, amma daka sai na fita. Auta ta kawo mini yagaggun rigunan yaran gidan, ta nuna mini yadda ake zura zare, na fara faci. Layina a karkace yake, amma ba wanda ya yi ƙorafi.

Da damina ta kusa, yaƙin ya biyo mu. Muka fara jin manyan bindigogi daga nesa kamar cida, sai dai ba hadari. Motocin Sinnar suka daina tashi. Kasuwa ta koma ci da safe kawai, daga baya ta daina. Masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, masu gulma ma kowa ya ji da kansa. Aka hana mata zuwa gulbi ɗibar ruwa sai in maza sun raka su. Gidan gaba ɗaya ya shiga abin da nake ciki. Na riƙa ganin alamun a jikin sauran mata, don na san su: wadda ke dafe ƙirji tana cewa ƙwarnafi ne, wadda ke hamma ba barci, wadda ta daina ci. Wata matar ɗan uwan mijina, mai goyo, ta shigo ɗakina wata rana da aka yi ta harbi, leɓunanta sun bushe, ta ce mini, "Yaya, numfashina ba ya kaiwa." Na karɓi jaririn, na tashi na ba ta kujerar. Ta ce ba ta iya ɗinki ba. Na ce ni ma haka, ta taka kawai. Bayanta wasu ma sun zo. Auta kuwa ta samu abokan daka har sun yi mata yawa, 'yan birnin nan duk suka koya, ba don an sa su ba.

A cikin haka kwanakina suka cika. Al'ada ita ce tsofaffi su raka mai takaba gulbi da sassafe ta yi wanka, ta bar farin ƙyallen a can. Ranar ana harbi ta wajen gaɓa. A bayan gida na yi wankana da rabin bokiti, Inna ta miƙo mini zane mai launi daga cikin nata, ta ce Allah ya ba da lada. Na taka har ƙofar gida, na leƙa. Titin ba kowa sai wani jaki da aka kwance wa amalanke. An buɗe mini ƙofa, amma ba inda zan je. Na juya na wuce bayan madafa, na karɓi taɓarya daga hannun wadda ta gaji.

Sai da kaka ta yi na ji muryar 'yata. Wani ɗan kasuwa ya kafa na'urar da ke kamo shabaka a rumfarsa, mutane na bin layi. Auta ce ta raka ni. Saƙo na tarar, na murya, daga lambar da ban sani ba. Ta ce sun bar ƙauyen da ƙafa, sun kai gabas, suna zaune a wata makaranta da mijinta. Ta haihu a hanya, namiji, ya zo da rai, ya kwana biyu ya koma. Ta ce ita tana lafiya. A ƙarshe ta ce in gaida Baba, in ce masa kada ya yi wasa da allurarsa.

Na danna zan mayar da amsa, na kasa. Na miƙa wa Auta wayar na fita daga layin. Na bi gefen kasuwa na miƙe, na wuce masallaci, na wuce makarantar da aka cika da 'yan gudun hijira, har na kai inda aka gitta itace a hanya, masu tsaro suka ce daga nan ba a wucewa. Na juyo na sake bin hanyar. Auta tana tsaye inda na bar ta, ta riƙe mini wurina a layi. Na karɓi wayar na gaya wa 'yata cewa Babanta ya rasu tun kafin azumi ya ƙare, cewa bai sha wahala sosai ba, cewa na yi masa takaba a ɗakin kakarta kuma na fita. Na ce ta ci abinci. Mai na'urar ya ce lokacinmu ya cika, na tura, muka ba na bayanmu wuri.

A hanyar gida Auta ta ce ita ba ta tarar da saƙon kowa ba. Muka tsaya wajen wata mata mai sayar da kuɓewa busasshiya a ƙofar gidanta, muka saya, don Inna ta ce kada mu dawo hannu wofi.